Fatar Abdul-Mumuni Mai Faci

Idan ka bi titin Kanvili ka wuce inda mata ke toya ƙosai, za ka ga wata rumfar kwano da tsofaffin tayoyi jibge a bayanta har sun fi ta tsayi. Rumfar Abdul-Mumuni mai faci ke nan. Tun lokacin da keke ne abin hawan mai hali a Tamale yake zaune a wurin, kuma har yau da babura da 'yan yalo-yalo masu ƙafa uku ke layi a gabansa, bai canza benci ba. Kakansa fataucin goro ne ya kawo shi daga Katsina, ya zauna a zango bai koma ba. Shi kuwa jikan iyakar tafiyarsa Kumasi, ita ma sau ɗaya, kuma ya dawo yana cewa garin ya cika hayaniya.

Mutum ne siriri, mai magana a hankali. Yakan tsoma tiyub a ruwa, ya ga inda kumfa ke fita, amma maimakon ya ciro sai ya tsaya yana kallon kumfar, hankalinsa ya tafi wani wuri. Masu babur sun san halinsa. In suna sauri sai su yi gyaran murya, ya dawo duniya.

Abdul-Mumuni ba shi da gona, ba shi da mota, bai je Makka ba. Abu ɗaya yake da shi wanda duk Kanvili ta sani, wato sauro ba ya cizonsa. Da damina ruwa kan kwanta a cikin tayoyin nan, sauro mai zanen fari da baƙi ya yi ta fitowa tun rana tsaka. Masu jiran faci su yi ta marin ƙafafunsu suna tsaki, shi kuwa yana zaune cikin batakarinsa, rigar saƙin nan mai kauri, ko motsi. In an tanka sai ya yi murmushi ya ce haka Allah ya yi shi tun haihuwa. Matarsa Zuleiha, Badagomba 'yar Gurugu mai sayar da man kaɗe, ita ce abincin sauro a gidan. Har barkwanci ya zama: wai rabon cizon Abdul-Mumuni aka haɗa mata da nata.

Amma a ƙarƙashin murmushin akwai abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. 'Yarsu ta fari, Suhuyini, zazzaɓin cizon sauro ne ya ɗauke ta tun ba a yaye ta ba. A ƙirjinsa take barci, ba ta yarda da tabarma. Shekaru suka wuce, 'ya'ya maza suka zo suka girma suka bar gida, shi kuwa lissafi ɗaya yake yi a ransa: sauron da ya zo ya tarar da su biyu, ya ƙi shi, ina zai sauka in ba kanta ba? Baiwar da mutane ke yaba masa, ita yake ganin ta kashe masa 'ya. Yana alfahari da ita a bainar jama'a, yana jin tsoronta in ya kaɗaita.

Wata safiya cikin damina sai ga wata matashiya a kan ƙaramin babur, da ludayin roba da kwalabe a jaka. Ba faci ta zo ba. Ta durƙusa ta gaishe shi da Dagbanci, ya amsa, sannan ta juya Hausa ta ce sunanta Mubarika, tana aiki a wani ɗakin binciken ƙwari a bayan gari, kuma tana roƙon ya bar ta ta ɗebi ruwan cikin tayoyinsa.

"Ruwan taya, 'yata? In ƙishi kike ji ga randa."

"A'a Baba, 'ya'yan sauro nake nema. Kiwonsu muke yi."

Abdul-Mumuni ya taɓa jin kiwon zabi, ya taɓa jin kiwon zomo, har kiwon dodon-koɗi an ba shi labari a Kumasi. Kiwon sauro kam ranar ya fara ji. Ya bar faci ya bi ta bayan rumfa, yana kallon yadda take kwaso 'yan tsutsotsin nan masu wutsil-wutsil tana juyewa a kwalba a hankali kamar mai ɗiban zuma. Kafin ta cika kwalba ɗaya wuyan hannunta ya yi rudu-rudu. Ta duba nasa hannun, fes.

Wani mai yalo-yalo da ke jira ya leƙo ya ce, "Ai shi sauro ba ya taɓa shi koraa, ko kaɗan. Tambayi kowa."

Mubarika ta ajiye ludayin. Ta ce aikinsu ke nan daidai: mutane sun bambanta, wani sauro na rububinsa, wani yana kauce masa, kuma ana zaton sirrin yana cikin warin da fata ke fitarwa. In aka gano abin da ke korar sauro a jikin mutum, wata rana ana iya haɗa shi a man shafawa. Ta ƙara da cewa a wasu ƙasashe ma masu bincike sun kai ga taɓa ƙwayar halittar sauron kansa, suna gwada maza waɗanda zuriyarsu ba ta yaɗuwa, amma su a nan ba su kai can ba, wari kawai suke bi. Ta tambaye shi ko zai yarda a gwada hannunsa.

Rabin bayanin ya ji, sauran rabin ya ƙarasa da kansa. Tun daga ranar kumfar tiyub ta ƙara daɗewa a cikin ruwa. Yana ganin wani ɗan gwangwani mai launin shuɗi a teburan kasuwar Aboabo, tsakanin sabulu da ashana, an rubuta Suhuyini a murfinsa. Yana ganin iyaye mata daga nan har garin Bolga suna lakato shi suna shafa wa jarirai a ƙafa. Wani lokaci mafarkin ya zarce: a ɗebi abin da ke jikinsa a sa wa sauron da Mubarika ke kiwo, a buɗe taga su fita su auri na gari, jikokinsu su taso ba sa sha'awar ɗan Adam, sai dai ruwan furen mangwaro. Tamale ta wayi gari an naɗe gidajen sauro an sa a akwati, yara na barci a ƙirjin iyayensu a tsakar gida. Ya ƙudurta a ransa cewa in fatar nan ta yi wa 'ya'yan mutane amfani, to ta biya abin da ta ɗauka, kuma ladan na yarinyar ne.

Ranar gwaji ya sa batakarinsa na fita kunya. Ɗakin binciken yana da ɗumi da laima, ga akwatunan raga jere a kan kanta, kowanne da auduga mai ruwan sukari a samansa. Kukan sauron da ke ciki ya haɗu ya zama wani siririn sauti ɗaya, mai daɗi ma in mutum bai san masu yin sa ba. Mubarika ta ce waɗannan a ɗakin aka ƙyanƙyashe su, ba su ɗauke da cuta, kuma matan ne kaɗai ke cizo.

"Baba, ba ka sa turare ba ko?"

"Turare sai Juma'a. Yau Talata."

"Man shafawa fa?"

"Ni da man kanti? Allah ya kiyaye."

Gaskiya ya faɗa iyakar saninsa. A wurinsa turare shi ne na kwalba, man shafawa kuma shi ne mai hoton mace a jiki. Man kaɗen da yake lakatowa daga ɗan gwangwanin aljihunsa bayan kowace alwala bai shiga lissafi ba, don wa zai tambayi mutumin Tamale ko ya shafa man kaɗe? Kamar a tambaye shi ne ko ya sha ruwa. Ita ma Mubarika, da ta tashi a gidan da ake kirɓa kaɗanya, bai zo mata a rai ba.

Ya naɗe hannun riga, aka sa masa safar hannu, ya zura damtsensa cikin akwatin. Sauron suka taso suka kewaye hannun, suka yi ta shawagi, sannan akasarinsu suka koma jikin raga suka lafe. Wanda ya sauka ma bai daɗe ba ya tashi. Abdul-Mumuni ya ji wani sanyi ya ratsa shi tun daga ƙeya. Leɓensa ya shiga motsi da addu'a.

Sai da yake warware hannun rigar, iskar fanka ta kaɗo batakarin, Mubarika ta tsaya cak. Ƙamshin ɗakin kakarta ta ji. Ta ce sakamakon ya yi kyau, amma ƙa'idar aiki sai an maimaita, kuma laifinta ne da ba ta tsaurara sharaɗi tun farko ba. Ta ba shi fararen riguna daga ɗakin binciken da sabulu marar ƙamshi. Na 'yan kwanaki su kaɗai zai sa. Ba mai kowane iri, har man kaɗe. Kuma kada rigunan su kusanci hayaƙi.

Shi ko a jikinsa. Ya tuƙa kekensa zuwa gida kamar ba ya taka feda. Ya tarar da Zuleiha tana tuƙa tuwo, ya zauna a kan turmi ya zayyane mata komai, har da gwangwani mai launin shuɗi, sunan da ke murfin ne kawai ya riƙe. Ta saurare shi muciya na juyawa. Da ya kai kan sharaɗin hayaƙi da mai, muciyar ta tsaya.

"Dole ne ka koma, Maigida? Sun riga sun gani, ai ya isa."

"Aikin ilimi ne, Zuleiha. Sai an maimaita."

Ta ce to, ta ci gaba da tuƙi. Tuwon ranar ya yi gudaji, abin da bai saba gani ba.

Washegari da ya dawo masallaci ya ga wani abu da ya shekara da shekaru yana wucewa ta gabansa bai taɓa kallo ba. Zuleiha tana tsaye a bakin madafa da kaskon garwashi a hannu, ga kabbasa, kwandon nan da ake kifawa a kan wuta a turara tufafi, amma babu rigar ɗorawa. Ta saba ne, hannunta ya riga tunaninta. Ta daɗe a tsaye, sannan ta juye garwashin a murhu. Shi kuwa ya fita cikin farar rigar mutane yana jin kansa kamar bai sa komai ba.

Kwanakin nan fatarsa ta bushe ta yi furu-furu. A rumfa ya fara jin ƙaiƙayi a idon sawu, ya ce sabon sabulun ne. Ya sosa a ɓoye, ƙafa da ƙafa, don kada masu babur su gani. Mafarkin gwangwanin bai tafi ba, amma launinsa ya ɗan koɗe.

Ranar komawa ya zura hannu a akwatin da bisimilla. Ba su yi shawagi ba. Ɗaya ta sauka kusa da gwiwar hannu, wata ta bi ta, kafin ya ƙifta ido damtsen ya yi baƙi. Mubarika ta ce ya girgiza ya fitar. Bai ji ta ba. Ya zuba wa ta farkon ido, yana kallon cikinta na kumbura yana yin ja a hankali, yadda yake kallon kumfar tiyub. Sai da Mubarika ta kama kafaɗarsa ta ja sannan ya fito da hannun.

Ta kawo masa ruwa da auduga, ta zauna a gefensa, ba ta san ta inda za ta fara ba.

"Baba, ka yi haƙuri. Fatarka lafiyayyar fata ce, irin ta kowa."

"Wancan karon fa?"

"Rigar ce da man kaɗen. Me Mma, matarka, take sawa a wuta in za ta turara rigar?"

Bai sani ba. Mubarika ta ce hancinta ya gaya mata akwai ɗoɗɗoya, akwai ɓawon lemu, wataƙila da ganyen nim, wato dogon yaro, kuma da alama har cikin man kaɗen ana dafa ganyen. Ta ce masu bincike sun daɗe da sanin waɗannan, suna korar sauro amma na ɗan lokaci ne, sai an yi ta sabuntawa, kuma ba sa maye gurbin gidan sauro. "Wanda zai sa su yi aiki haka a jikin mutum," in ji ta, "sai wanda ba ya fashi ko na rana ɗaya." Ta ce in Mma ta yarda za ta so ta zo ta ga haɗin. Ya gyaɗa kai. Baƙin ciki ya cika shi fal, irin na mutumin da ya yi alkawarin sadaka ya laluba aljihu ya ji wayam.

Bai koma rumfa ba. Ya tura keken da hannu tun daga bayan gari, babura na wuce shi suna hon, masu yalo-yalo na kiran sunansa bai ɗaga kai ba. La'asar ta yi ya shiga gida. Zuleiha tana zaune a inuwar ɗaki tana cura man kaɗe a ƙwarya. Ta kalli fuskarsa, ta kalli damtsen da ya yi ƙuraje. Ta jawo masa kujera, ta lakato mai ta kama hannun ta fara shafawa.

"Kin sani," ya ce.

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun bayan yarinyar. Mma na ne ya koya mani, ya ce in riƙa yi ma duk wanda nake tsoro ya tafi." Hausarta ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji, kuma bai taɓa jin ta yi masa daɗi kamar yau ba.

"Kika bar ni ina cika baki a titi, tsofai-tsofai da ni."

"Ka manta yadda ka zama ne, Maigida. Ba ka magana, ba ka cin tuwo. Rana ɗaya ka dawo kana dariya, wai wani mai keke ya ce sauro na tsoronka. Dariyan farko ke nan. In ce maka hayaƙi ne? Na bar maka abinka."

Kaji na tono a gindin randa. Sannan maganar da ya riƙe tun yarinyar na cikin likkafani ta fito da kanta, da wata murya da bai san yana da ita ba. Ya gaya mata lissafinsa: su biyu a kwance, sauro ya ƙi shi, ya sauka a kanta. Ya gaya mata sunan da ke murfin gwangwanin.

Hannun Zuleiha ya tsaya a kan damtsensa. Ta daɗe tana kallonsa, idonta ya kawo ruwa.

"Wannan ka ɗauka duk shekarun nan? Kai kaɗai?" Ta girgiza kai. "Lokacin sauro yana cizonka paa, sosai. Kai ne ma kake cire riga ka rufe shi da ita, ka bar bayanka a waje. Da safe ni nake shafa maka mai, bayan duk ya kumbura. Da na san abin da kake tunani, wallahi da tun ranar na fasa maka dariyan."

Abdul-Mumuni ya nemi wannan a cikin kansa. Da farko babu komai, sai fuskar yarinyar da ya saba gani. Can sai ga shi ya taso a hankali: nauyinta a ƙirjinsa, rigarsa a kanta, da zafin ƙaiƙayi tsakanin kafaɗunsa inda hannu ba ya kaiwa, yana daurewa don kada ya motsa ta farka. Ashe an cije shi. Ashe tare aka cije su. Ya sunkuyar da kai ya yi kuka, kukan da bai yi ba ranar jana'iza, Zuleiha na riƙe da hannun ba ta ce ya bari ba.

Da ya lafa, idonsa ya sauka a kan ƙafafunta. Daga idon sawu zuwa ƙwauri duk tabo ne, sabo a kan tsoho, baƙaƙe ƙanana. Ya san su, ya sha yin barkwanci da su a gaban baƙi.

"Ke fa? Ba kya turara naki?"

"Ina yi. Da yara suna gida da nasu nake farawa, sai naka. Batakarinka yana da kauri, yana shan hayaƙi. Kafin a zo kan zanena wuta ya mutu." Ta faɗe shi ne yadda ake faɗin farashin gishiri, ta ci gaba da curin manta.

Abdul-Mumuni yana nan a rumfarsa har yau. Da bakinsa ya gaya wa masu babur cewa sauro na cizonsa kamar kowa, suka ƙi yarda, wasu ma suka ce tawali'u ne. Ya huda tsofaffin tayoyin don ruwa ya daina kwanciya, ya bar guda biyu saboda Mubarika, wadda takan zo ta ɗebi 'ya'yan sauronta, ta biya ta gida ta zauna da Zuleiha suna shinshina ganye. Gwangwani mai launin shuɗi bai zo kasuwar Aboabo ba. Yakan tuna da shi wani lokaci in kumfa na tashi, ba tare da ciwo ba.

Amma washegarin ranar da ya yi kukan nan, da Zuleiha ta fito da safe za ta hura wuta, ta tarar an riga ta. Maigidan yana tsugune a bakin madafa, ya cika kasko da garwashi fiye da kima, ya zuba ɗoɗɗoya da ɓawon lemu har hayaƙin ya turnuƙe tsakar gida, yana tari idonsa na zubar da ruwa. Batakarinsa na rataye a igiya. A kan kabbasar zanenta ne, ya shimfiɗa shi a karkace, gefe ɗaya na jan ƙasa.

"Za ka ƙona mani zane, Maigida."

"To zo ki nuna mini."

Ta tsuguna a gefensa ta rage garwashin, ta gyara zanen ya rufe kwandon ruf. Ta miƙa hannu za ta jawo batakarin daga igiya ta ɗora a sama, ya riƙe mata wuyan hannu.

"Bar shi," ya ce. "Naki ya sha tukuna."